Yadda Muka Auna Dayod ɗin Zener ta Gaba da ta Baya a Ɗakin Gwaji

Duk wanda ya shiga karatun difloma a fannin injiniyan lantarki zai gamu da gwajin dayod ɗin Zener, galibi bayan an gama da dayod na yau da kullum, wato 'yar na'urar da ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai, kafin a kai ga tiransisto. A littafin jagorar da sashenmu yake sayar wa ɗalibai, aikin bai cika shafi biyu ba: a haɗa dayod ta gaba, wato ta fuskar da yake barin wuta ta wuce, a ɗauki awo, a juya shi ta baya a sake ɗauka, a zana giraf, sannan a faɗi boltej ɗin da ya ɓarke a kansa, wato inda ya daina tare wuta ta baya ya bar ta ta wuce. Wanda ya karanta haka zai ɗauka aikin awa ɗaya ne. Mu kuwa a rukuninmu bai ƙare a zama ɗaya ba, kuma mafi yawan lokacin ya tafi ne a kan abubuwan da littafin bai ambata ba. Na rubuta yadda abin ya gudana bi da bi a wata kwalejin kimiyya da fasaha da ke Kano, domin waɗanda za su yi shi a bayanmu su san wuraren da ake tuntuɓe.

Aikin yana farawa ne tun kafin a taka ɗakin gwaji. Sai da muka sayi littafin jagora a ofishin sashe aka ba mu rasit, kuma da rasit ɗin ne ake sa sunan mutum a jerin rukunonin da ake liƙawa a allon sanarwa. Bayan wannan akwai farar riga, da takalmi rufaffe, da littafin rubuta awo, da takardar giraf, waɗanda duk ɗalibi ne yake nemo wa kansa. Ma'aikacin ɗakin gwajinmu, dattijo ne mai ƙarancin magana wanda kowa yake kira Malam, ba ya barin kowa ya wuce ƙofa sai ya ga an zana taswirar haɗin a littafi, an kuma ja layukan jadawali babu komai a ciki. Waɗanda suka zo hannu rabbana a bakin ƙofa suka tsuguna suna zane, lokacinsu na tafiya.

Daga nan sai sito. Ana cike takardar karɓar kaya, shugaban rukuni ya sa hannu, ya ajiye katin shaidarsa. An ba mu akwatin ba da wuta mai hawa daga sifili zuwa bolt 30, da mita biyu irin masu arahar nan masu launin ɗorawa, da allon gwaji mai ramuka, da wayoyi, da rizista ɗaya mai om 1,000 don iyakance karent, wato yawan wutar da ke gudana, da dayod ɗaya. A nan ya kamata mutum ya tsaya ya duba kaya kafin ya sa hannu, domin duk abin da aka tarar a lalace bayan sa hannu, rukunin ne zai biya. Abin da ya fi lalacewa a mitocin nan shi ne fiyus ɗin da ke kare ɓangaren miliamfiya, wanda yake ƙonewa idan wani ya ɗora mita kai tsaye a bakin akwatin wuta alhali tana kan awon karent. Mita mai ƙonannen fiyus tana kunnuwa lafiya, tana auna boltej daidai, amma idan aka sa ta a jere da dayod sai ta yanke hanya, komai ya tsaya a sifili. Gane ta ba wuya: a juya ta zuwa miliamfiya 200, a ɗauki ɗayar mitar a sa ta a awon om, a taɓa bakunan ta farkon. Idan an ga 'yan om kaɗan fiyus na nan, idan kuwa ta nuna hanya a buɗe take, a mayar wa mai sito tun a gabansa. Ɗaya daga cikin namu haka take, kuma mun yi zaman jira har wani rukuni ya gama kafin mu sami madadinta.

A zaman farko mun bi littafi sau da ƙafa. Dayod ɗinmu an rubuta 1N4733A a jikinsa, wato mai bolt 5.1, kuma gefen da ke da zoben baƙi shi ne katod, wato ƙafar da wuta take fita ta cikinta idan an haɗa shi ta gaba. Awon gaba ya wuce da sauri ba tare da mun fahimci komai ba, saboda littafin ya ce a riƙa ƙara wutar akwati da bolt ɗai-ɗai. Da muka tashi daga sifili zuwa bolt ɗaya, dayod ya riga ya haura bolt 0.6, wato mun tsallake duk lanƙwasar da ake so mu gani a taki guda. Muna shirin juya shi aka ɗauke wuta, muka zauna cikin zafin watan Afrilu muna fifita da littattafai har aka tayar da janareta. Da wuta ta dawo muka haɗa shi ta baya, katod yana fuskantar ɓangaren fosatib, muka yi ta murɗa akwati. Boltej ɗin dayod ya hau har wajen bolt 4, daga nan ya fara jan ƙafa. Muka kai akwati ƙarshen ƙarfinsa, karent ya tsaya a kusan miliamfiya 25, amma mita ta ƙi nuna 5.1, tana ƙasa da bolt 5 kaɗan. Ga kuma ƙaurin ƙuna yana tashi daga rizista, wadda ta fara canza launi.

Raina ya ɓaci a lokacin, domin na ɗauka lalataccen dayod aka ba mu kuma mu za a ɗora wa laifinsa. Wani daga cikinmu ya ce kawai mu rubuta 5.1 a layukan ƙarshe na jadawali, tunda abin da malami yake so ya gani ke nan. Rukunin da ke kusa da mu nasu ya fi namu muni: sun kai bolt 30 ta baya babu alamar ɓarkewa ko kaɗan. Da Malam ya zo ya zare nasu ya ɗaga shi wajen taga, sai ga 4148 a jikinsa. Dayod ɗin 1N4148 ba Zener ba ne, an yi shi ne ya jure fiye da bolt 70 ta baya, amma a ido kamarsu ɗaya da ƙananan Zener masu jikin gilashi, kuma a gwangwani ɗaya ake zuba su a sito. Sai ya juyo kanmu, ya dubi jadawalinmu, ya ce, "Samari, dayod ɗinku lafiyarsa lau. Wanda ya ce muku 5.1 ne, a kan karent nawa ya faɗa muku?" Muka ce, "Malam, littafi bai faɗa ba." Ya ce mu je mu nemo takardar bayanan masana'anta mu karanta, mu dawo zama na gaba da lissafin rizistarmu a hannu.

A daren na sauke takardar a waya, kuma a nan ne gwajin ya fara yi mini ma'ana. Lambar da ke jikin dayod ɗin Zener alkawari ne mai sharaɗi. Shi 1N4733A zai ba da bolt 5.1 ne idan karent ɗin da ke ratsa shi ya kai miliamfiya 49, a zafin digiri 25, kuma harafin A na ƙarshe yana nufin an yarda ya kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato duk abin da ya faɗo tsakanin bolt 4.85 da 5.35 karɓaɓɓe ne. Kowane dayod na wannan jerin yana da nasa karent na gwaji: 1N4728A mai bolt 3.3 ana auna shi a miliamfiya 76, shi kuma 1N4742A mai bolt 12 a miliamfiya 21. Idan aka ninka kowane boltej da karent ɗinsa, za a ga duka suna faɗowa kusan rubu'in wat, wato kashi ɗaya cikin huɗu na wat ɗayan da aka ce suna iya ɗauka. Ƙananan masu gilashi irin BZX55 kuwa, waɗanda ake rubuta wa C5V1 a jiki, rabin wat suke ɗauka kuma a miliamfiya 5 ake auna su. Da alama da irin waɗannan ƙananan aka tsara gwajin littafinmu tun asali, daga baya sito ya koma sayen masu wat ɗaya, taswirar kuwa ta tsaya yadda take.

Lissafin rizistar bai da tsawo. Da om 1,000 da akwati mai bolt 30, iyakar karent ɗin da za a samu shi ne bolt 25 ɗin da suka rage a raba da dubu, wato miliamfiya 25, rabin abin da ake bukata. Kuma a wannan karent rizistar tana ƙona fiye da rabin wat, alhali 'yar ƙaramar da aka ba mu rubu'in wat take jurewa, dalilin ƙaurin ke nan. Da om 220 kuwa, miliamfiya 49 suna bukatar kusan bolt 10.8 a kan rizista, a ƙara 5.1 na dayod, akwati ya tsaya wajen bolt 16, zafin rizista kuma ya ɗan haura rabin wat. Ga mai bolt 3.3 a miliamfiya 76, akwati zai kai bolt 20, rizista kuma ta ƙona kusan wat 1.3. Saboda haka mai wat 2 muke bukata, kuma babu ita a sito.

Muka haɗa kuɗi, ni da wani abokin rukuni muka hau adaidaita sahu zuwa kasuwar Sabon Gari, wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin. A can ba a tambayar lambar masana'anta, boltej ake faɗa, mai shago ya jawo 'yar durowa ya zubo a tafin hannu. Na ce, "Alhaji, mai wat ɗaya muke so, kuma a bar mu mu karanta lambar jiki." Ya yi dariya ya ce ɗalibai sun fi masu gyara ƙwaƙwa, ya miƙo mini madubin ƙara girma da yake ajiye a kan kanta. Muka sayi mai bolt 3.3 da mai 5.1 da mai 12, bibbiyu saboda tsaro, da rizista mai om 220 wat 2, da wata mai om 10,000, da 'yan wasu na gwajin lodi, wato abin da zai riƙa shan wutar, da fiyus, da sabon batiri mai bolt 9. Batirin yana da muhimmanci, domin waɗannan mitoci idan batirinsu ya yi sanyi sukan nuna adadi sama da gaskiya. Kuɗin dayod da rizista duka bai kai kuɗin motarmu zuwa da dawowa ba, batirin ne ma ya fi komai tsada.

A zama na biyu Malam ya duba lissafinmu, ya gyaɗa kai, ya ce mu ajiye tsarin ƙara bolt ɗai-ɗai, mu mai da karent shi ne jagora. Wato a zaɓi karent ɗin da ake so, a murɗa akwati har mita ta nuna shi, sannan a karanta boltej. Ta gaba muka bi miliamfiya 0.1, 0.2, 0.5, 1, 2, 5, 10, 20 da 50, muka yi ƙananan da rizista mai om 10,000 saboda murfin akwatin ba ya iya tafiya a hankali, manyan kuma da mai om 220. Dayod ɗinmu ya nuna wajen bolt 0.6 a ƙasa, ya kai kusan 0.8 a sama. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne duk lokacin da karent ya ninka sau goma, boltej yana ƙaruwa ne da milibolt 60 zuwa 70 kacal, kuma wannan ya yi daidai da abin da aka koya mana a aji, cewa a zafin ɗaki ninki goma na karent yana zuwa da kimanin milibolt 60. Dayod ukun duka kusan layi ɗaya suka bi ta gaba, babu yadda za a gane mai bolt 3.3 daga mai bolt 12 ta wannan fuskar.

Akwai sharaɗi ɗaya a awon gaba, shi ne mitar boltej ta zauna a kan ƙafafun dayod kai tsaye, kada ta haɗa da mitar karent. Dalili kuwa, ita ma mitar karent tana cin nata boltej: a matakin miliamfiya 20 akwai om 10 a cikinta, don haka idan ta cika tana cin bolt 0.2. Wanda yake auna abin da bai kai bolt ɗaya ba, ya ƙara masa 0.2 na mita, ya ɓata awonsa da kusan rubu'i.

Ta baya kuwa, kafin a kai ga ɓarkewa, al'amarin juyewa yake. Mun fara da mai bolt 12, mitar karent tana matakin maikro'amfiya 200, haɗin kuma kamar yadda taswirar littafi ta nuna. Sai muka ga karent yana hawa a miƙe: bolt ɗaya maikro'amfiya ɗaya, bolt 5 maikro'amfiya 5, bolt 9 maikro'amfiya 9. Adadin ya yi kyau ƙwarai, kuma kyan nasa ne ya sa Malam ya tsaya a kanmu. Ya ce, "Ku zare dayod ɗin ku gani." Muka zare, mita ba ta motsa ba. Ashe ba ɗigar dayod muke aunawa ba, wato ɗan karent ɗin da ke silalewa ta baya kafin ya ɓarke, abin da mitar boltej take sha ne, domin irin waɗannan masu araha om miliyan ɗaya ne a cikinsu, kowane bolt yana tura maikro'amfiya ɗaya ta cikinsu. Ko manyan mitoci masu om miliyan 10 suna shan kashi ɗaya cikin goma na wannan, wanda sau da yawa ya fi ɗigar dayod ɗin kansa. Gyaran shi ne a matsar da mitar karent ta zama ita ce ke manne da dayod a jere, mitar boltej ta rungumo su biyun daga waje. Da muka yi haka, mai bolt 12 ya nuna sifili har muka wuce bolt 10. Takardar masana'anta ta ba shi iyakar maikro'amfiya 5 a bolt 9.1, amma wannan iyaka ce ta mafi muni, ba abin da za a tarar a kowane dayod ba. Da zarar karent ya shiga miliamfiya, sai a mayar da mitar boltej kan ƙafafun dayod kamar yadda aka yi ta gaba.

Wurin da gwajin ya fi daɗi shi ne gwiwa, inda layin giraf yake karyewa ya yi ƙasa. Na mai bolt 12 ya karye ne tsaf: ana dab da bolt 12 karent ya tashi daga babu zuwa miliamfiya, kuma daga rubu'in miliamfiya har zuwa 21 boltej bai motsa da abin da ya kai bolt 0.3 ba. Na mai bolt 3.3 kuwa lanƙwasa ce mai laushi kamar gindin ƙwarya, babu wani wuri guda da za a nuna a ce nan ya ɓarke. Ya fara ɗiga tun wajen bolt ɗaya, a miliamfiya ɗaya bai kai bolt biyu da rabi ba, kuma sai da muka tura shi sama da miliamfiya 70 ya iso unguwar 3.3. Mai 5.1 yana tsakaninsu, ya fi kusa da mai laushin a ƙananan karent, kuma a miliamfiya 49 ya ba mu adadin da ke cikin iyakar da aka yi alkawari.

Wannan bambancin yana da tushe a cikin silikon ɗin kansa, domin hanyoyi biyu ne suke haifar da ɓarkewa. A dayod masu ƙaramin boltej, ƙasa da kimanin bolt 5, an cusa wa silikon gauraye mai yawa, shingen da ke tsakanin ɓangarorinsa biyu ya zama siriri ƙwarai, har ƙarfin filin lantarki yana sa elektiron su ratsa shi kai tsaye. Wannan ita ce ɓarkewar da aka sa wa sunan Clarence Zener, masanin fiziya ɗan Amurka wanda ya yi bayaninta a 1934, tun kafin a fara ƙera irin waɗannan dayod. Tana zuwa ne sannu a hankali, shi ya sa gwiwarta take da laushi. A masu boltej sama da kimanin 6, shingen ya fi faɗi, elektiron yana samun gudu a cikinsa ya bugi ƙwayar zarra ya fizgo wani, su biyun su fizgo wasu, abin ya yi ta ninkuwa cikin ƙiftawar ido. Wannan ɓarkewar karo ita ce mai kaifin gwiwa. Tsakanin bolt 5 da 6 hanyoyin biyu suna aiki tare. Saboda haka mai bolt 12 da muke kira Zener, a gaskiya ta hanyar karo yake aiki, ko da yake a kasuwa da aji suna ɗaya ake kiransu.

Zafi ma yana raba su, kuma wannan mun gan shi da idonmu. Da muka bar mai bolt 12 a miliamfiya 21, adadin mita bai tsaya ba, ya yi ta hawa kaɗan-kaɗan har tsawon minti guda ko fiye kafin ya natsu. Wata daga cikin rukuninmu ta hura masa iska da baki, adadin ya sauko, ta daina, ya koma. Rubu'in wat ɗin da yake ƙonawa ne yake ɗumama shi, ɓarkewar karo kuma boltej ɗinta yana ƙaruwa da zafi, kimanin milibolt 8 a kowane digiri ga mai bolt 12. Mai bolt 3.3 akasin haka ya yi, yana ɗumi yana sauka, da kusan milibolt 2 a kowane digiri. Mai 5.1 kuwa da ƙyar ya motsa, domin a cikinsa hawan ɗaya yana cinye saukar ɗaya. Malam ya ce mu zaɓi tsari ɗaya mu tsaya a kansa: ko a karanta nan take da an kai karent, ko a jira kowane awo ya natsu, amma kada a gauraya. Muka zaɓi jira, muka kuma rubuta zafin ɗakin a saman jadawali, wanda a ranar ya haura digiri 25 na takardar masana'anta nesa ba kusa ba.

Littafin ya bukaci a fitar da turjiyar dayod bayan ɓarkewa, wato canjin boltej a raba da canjin karent. Takardar masana'anta ta ba 1N4733A iyakar om 7 a miliamfiya 49, amma om 550 a miliamfiya ɗaya, wanda ya nuna cewa turjiyar ba adadi ɗaya ba ce, ta dogara da inda aka tsaya a kan layin. Matsalar aiki ita ce mitarmu a matakin bolt 20 ba ta ganin abin da ya gaza milibolt 10. Idan aka ɗauki awo biyu masu tazarar miliamfiya 5, bambancin boltej zai zama lamba ɗaya ko biyu a ƙarshen allon mita, kuma duk lissafin da aka gina a kan haka kame-kame ne. Muka ɗauki tazara mai faɗi, daga miliamfiya 30 zuwa 70, muka sami 'yan om kaɗan da ke ƙasa da iyakar, muka kuma rubuta a rahoto cewa zafin da dayod yake yi wa kansa yana cikin wannan adadin.

Kafin lokaci ya ƙare mun gwada shi a matsayin mai daidaita wuta, wanda shi ne aikinsa na ainihi. Akwati a bolt 12, rizista om 220, dayod mai 5.1: karent ɗin da ke shigowa kusan miliamfiya 31 ne, kuma lodi da dayod ne suke raba shi. Da lodin om 1,000, lodi ya ɗauki kusan 5, boltej bai ji komai ba. Da lodin om 220 ya ɗauki wajen 23, dayod ya rage da 8, boltej ya ɗan sunkuya saboda an matso gwiwa. Da lodin om 100 kuwa boltej ya faɗo bolt 3.75, daidai abin da rizistoci biyu za su raba tsakaninsu ko babu dayod, domin babu sauran karent da zai riƙe shi a ɓarke.

Ba a fita ɗakin gwaji sai Malam ya sa hannu da kwanan wata a ƙarƙashin jadawalin awo, kuma malamin darasi ba ya karɓar rahoton da babu wannan sa hannun. Bayan nan muka mayar da kaya sito, aka ƙirga, aka ba mu katinmu. Rizistar da ta ƙone a zaman farko mun maye gurbinta da wadda muka sayo, babu wanda ya ja magana. Giraf ɗin ana zana shi ne a takarda ɗaya, awon gaba a kusurwar sama ta dama, na baya a kusurwar ƙasa ta hagu, kuma dole ma'aunin ɓangarorin ya bambanta, tunda na gaba bai kai bolt ɗaya ba, na baya kuwa ya kai 12. A rubuta ma'aunin kowane ɓangare a fili, domin a nan ake yawan rage maki. Mu mun ƙara ƙaramin giraf na biyu na yankin gwiwa kaɗai, saboda a babban ba a ganin bambancin ukun sosai.

Idan zan taƙaita wa mai shirin shiga abin da zai rage masa wahala, to ya karanta lambar jikin dayod ɗinsa tun a sito, ya nemo takardar masana'anta kafin ranar gwaji, ya fitar da girman rizista da ƙarfin wat ɗinta daga karent ɗin gwajin da ke ciki. Ya bar karent ya ja ragamar awo, ya yawaita awo a kusa da gwiwa, ya kuma san lokacin da zai matsar da mitar boltej. Idan akwatin wutarsa yana da murfin iyakance karent, ya saita shi ƙasa da iyakar dayod, wadda ga 1N4733A miliamfiya 178 ce, ga 1N4742A kuma 76. Kada kuma ya dogara da matakin gwajin dayod da ke jikin mita don ya gane Zener, domin wutar da mita take turawa 'yar kaɗan ce, ta gaba za ta nuna wajen 0.7, ta baya kuma galibi ta nuna hanya a buɗe, daidai yadda za ta yi wa dayod na yau da kullum. Adadin da bai yi daidai da littafi ba kuma a rubuta shi yadda yake, tare da karent da zafin da aka same shi.

Mataki na ƙarshe shi ne kare rahoto a ofishin malamin darasi, inda ake shiga rukuni-rukuni bayan doguwar tsayuwa a baranda. Ya buɗe namu ya tsaya a jadawalin zaman farko, wanda muka bari a ciki da adadinsa na ƙasa da bolt 5, ya tambaye ni dalilin da bai kai 5.1 ba. Na ce, "Yallaɓai, a miliamfiya 25 muka tsaya, masana'anta kuma a 49 take aunawa." Ya tambayi na kusa da ni abin da zai faru idan aka cire rizista gaba ɗaya, ya amsa cewa babu abin da zai tare karent bayan ɓarkewa, zafi zai kashe dayod ɗin, kuma galibi idan ya mutu haɗe hanya yake yi. Ita kuma abokiyar aikinmu ya tambaye ta wanne za ta zaɓa idan tana son boltej da ba ya yawo da zafi. Ta ce wanda ke kusa da bolt 5, ko kuma a haɗa mai 5.6 a jere da dayod na yau da kullum ta gaba, domin ƙarin kusan milibolt 2 na ɗaya ya soke ragin milibolt 2 na ɗayan, a sami kusan bolt 6.2 tsayayye. Ya sa hannu a bangon rahoton, ya ce mu kai wa Malam kwafin lissafin rizistar a liƙa a jikin littafin jagora na ɗakin gwaji, ya kira rukuni na gaba.